Ƙwayoyin Tushe Masu Takarda Da Na Asibitin Dillali: Wanne Za A Bari Ya Shiga Jikin Majinyaci?

Duk gidan da ke da majinyacin da likita ya ce ciwonsa sai dai lallaɓawa, ko ba jima ko ba daɗe wani zai zo musu da labarin ƙwayoyin tushe, waɗanda 'yan boko ke kira sitem sel. Mai shanyewar ɓarin jiki, yaro mai galahanga, dattijo mai ciwon suga ko ƙoda, kowa an ce akwai asibiti a ƙasar waje da zai yi masa allura ya miƙe. Kuɗin kuwa ba na wasa ba, wani sai ya sayar da fili ko gona. Abin da ke rikita mutane shi ne labarin yana da gaskiya a cikinsa. Akwai masana da ke rainon waɗannan ƙwayoyi suna haɗa magani da su, akwai kuma masu sayar da ruwan da su kansu ba su san abin da ke cikinsa ba, kuma dukkansu farar riga suke sawa, kalmomi iri ɗaya suke faɗa. Inda suka rabu shi ne abin da aka yi wa ƙwayoyin kafin su shiga sirinji.

Bari mu fara cire dashen ɓargo daga cikin rikicin, domin da sunansa ake yawan fakewa. Shi magani ne da ya daɗe da kafuwa. Ana ɗebo ƙwayoyin da ke haifar da jini daga ɓargon mai bayarwa, ko daga jininsa, ko daga jinin cibiyar jariri, a sa wa mara lafiya bayan an share nasa ɓargon da magunguna masu ƙarfi. Da shi ake maganin sankarar jini, kuma tun 1984 aka ga yana warkar da sikila, lokacin da wata yarinya a Amurka mai cututtukan biyu ta rabu da su baki ɗaya. A Najeriya Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin ya yi na farko a 2011, na Jami'ar Legas kuma ya fara nasa a 2024. A dashen ɓargo ba a rainon ƙwayoyin wata da watanni a kwano, daga jiki ne zuwa jiki. Zan dawo kansa daga baya.

Abin da ke gabanmu shi ne ƙwayoyin da ake raino. A 1998 James Thomson na Jami'ar Wiskonsin ya nuna cewa za a iya ɗaukar ƙwayoyi daga gudan halittar ɗan Adam mai 'yan kwanaki, a ci gaba da rainonsu a ɗakin gwaji suna rabuwa suna yawaita. A 2007 Shinya Yamanaka na Jami'ar Kyoto ya ɗauki ƙwayar fatar babban mutum ya mayar da ita irin waccan ta farko, wadda za ta iya zama jijiya ko tsokar zuciya ko ƙwayar ido, aikin da ya jawo masa lambar yabo ta Nobel a 2012. Ƙwayoyin da suka fito daga tushe ɗaya aka yi ta rainonsu haka, su ake kira zuriya. Akwai kuma wasu masu ƙaramin iko da ake samu daga kitse, ɓargo, igiyar cibiya ko mabiyiya, a raine su na 'yan makonni. Su ne mafi yawan abin da asibitocin kuɗi ke sayarwa.

Cibiyar da ke bin ƙa'ida tana aiki ne kamar manomin da ya san darajar iri. Da zarar zuriyar ta kankama, sai a raba ta a ƙananan kwalabe masu yawa a daskarar, wannan shi ne babban rumbu, ba a taɓa shi sai da dalili. Daga kwalba ɗaya ake raino a cika ƙaramin rumbu, daga ƙaramin ake ɗiba a haɗa magani. Kowane rumbu sai an gwada shi an rubuta sakamako. Saboda haka idan matsala ta ɓulla a jikin mara lafiya na ashirin, ana iya bin sawu har zuwa kwalbar da ta fito, a kuma san sauran mutanen da aka sa wa irinta.

Tambayar farko ke nan: ƙwayoyin na waye? A bankin ƙwayoyin tushe na Birtaniya da aka kafa a 2003, ko a ma'ajiyar ƙwayoyi irin na Yamanaka da ke Kyoto, kowace zuriya tana da fayil tun ranar farko. An san mai bayarwa, ya sa hannu ya yarda, an duba tarihin lafiyarsa, an gwada jininsa don cutar HIV da ciwon hanta nau'in B da C da tunjere. Ga Musulmi wannan fayil yana da wani nauyi na daban. A 2003 majalisar fiƙihu ta ƙungiyar Rabiɗa da ke Makka ta halatta magani da ƙwayoyin tushe idan asalinsu halas ne, kamar babban mutum da ya yarda, ko cibiya da mabiyiya da izinin iyaye, ta kuma haramta wanda aka samo daga cikin da aka zubar da gangan ba da uzurin shari'a ba. Wanda bai san asalin ƙwayoyin ba, ba shi da yadda zai yi aiki da wannan fatawa.

A asibitin dillali amsar takan zama "daga cibiyar jarirai masu lafiya", shi ke nan. A 2009 likitoci a Isra'ila suka wallafa labarin wani yaro mai ciwon jijiya na gado da iyayensa suka yi ta kai shi Mosko tun 2001, ana yi masa allurar ƙwayoyin ɗan tayi a ƙwaƙwalwa da laka. Bayan shekara huɗu ya fara ciwon kai, aka duba aka ga ƙari. Da aka cire na lakar aka bincika, sai aka tarar ba daga jikin yaron ya tsiro ba, daga ƙwayoyin da aka sa masa ne, kuma na mutum aƙalla biyu ne.

Ko da an san asalin, sai an tabbatar cewa abin da ke cikin kwanon yau shi ne abin da aka zuba bara. Wannan ya taɓa kunyata manyan ɗakunan gwaji na duniya. Ƙwayoyin sankarar da aka ɗauka daga jikin Henrietta Lacks a asibitin Johns Hopkins a 1951 suna da saurin yaɗuwa, har suka riƙa mamaye kwanukan wasu zuriyoyi ba a sani ba. Masana suka yi shekaru suna zaton suna nazarin hanta ko hanji, alhali nata ƙwayoyin ne, sai a shekarun 1960 asiri ya fara tonuwa. Shi ya sa yanzu ake yi wa kowace zuriya gwajin DNA irin wanda ake tabbatar da uba da shi, a kwatanta da na mai bayarwa. Gwaji ne mai sauƙi, kuma wurin da bai yi shi ba ban ga dalilin da za a yarda da sauran maganarsa ba.

Sai tsafta. Ruwan da ake rainon ƙwayoyin ɗan Adam a ciki mai ɗumi ne, mai gina jiki, wato daidai abin da bakteriya ke so. Akwai wata ƙaramar ƙwayar cuta mai suna maikofilazma wadda ba ta sa ruwan ya yi duhu, ba a ganinta da madubin likita na yau da kullum, sai an yi mata gwaji na musamman. Gwajin tabbatar da cewa babu bakteriya ko funfuna, a hanyarsa ta asali, kwana 14 yake ɗauka. Aikin kuma a ɗaki ake yinsa mai tataccen iska, ma'aikata a rufe daga kai har ƙafa, bisa ƙa'idojin haɗa magani da ake kira GMP, waɗanda hukuma ke zuwa ta duba da kanta. Har abincin ƙwayoyin ana bin diddiginsa, domin a da a kan ƙwayoyin ɓera ake rainon zuriyoyi, a ciyar da su ruwan jinin ɗan maraƙi, a raba su da wani sinadari da ake samu daga alade. Duk wannan ya isa wajen bincike, amma zuriyar da za ta shiga jikin mutum ana ƙoƙarin raba ta da kayan dabba, in kuwa an yi amfani da su sai an rubuta an gwada.

Abin da rashin wannan ke jawowa ya faru a Amurka kanta, ba a wata ƙasa mai rauni ba. A 2018 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ba da rahoton mutum 12 a jihohin Texas da Florida da Arizona da aka kwantar a asibiti bayan an yi musu allurar wani haɗi na jinin cibiya da ba a ba shi lasisi ba. Yawancinsu ciwon gaɓoɓi ko na baya ya kai su. Suka dawo da cuta a jini da gaɓoɓi, aka kuma sami bakteriya a cikin kwalaben da ko buɗe su ba a yi ba.

Inda na fi so mai karatu ya natsu shi ne batun gado, domin shi ne dillali ba zai taɓa ambata ba, kuma shi ne ya fi wuyar gani. Duk lokacin da ƙwaya ta rabu biyu sai ta kwafi DNA ɗinta, kuma kwafi ba ya rasa kuskure. A cikin kwano, ƙwayar da kuskurenta ya sa ta fi sauran saurin girma ita ke cinye wuri, bayan an yi ta juye su daga kwano zuwa kwano sai a wayi gari kusan duk zuriyar 'ya'yanta ne. Matsalar ita ce irin kuskuren da ke sa ƙwaya saurin girma a kwano shi ne sau da yawa ke sa ta zama sankara a jiki. Mai raino da bai gwada ba murna ma zai yi, ya ga ƙwayoyinsa suna bunƙasa. A 2017 masana a Jami'ar Harvard suka binciki zuriyoyi 140, ciki har da 26 da aka shirya don a yi magani da su, suka sami biyar ɗauke da lahani a ƙwayar gadon TP53, wadda aikinta shi ne hana sankara. Waɗannan zuriyoyi ne na ɗakunan gwaji masu suna. Saboda haka ƙa'ida ta ce a ƙirga kuromosom, wato ƙunshin DNA da ke cikin ƙwaya, a karanta DNA ɗin, a rubuta sau nawa aka juye ƙwayoyin, a kuma sa iyakar da ba za a wuce ba.

Abin da ya faru a birnin Kobe na Japan shi ne ya fi nuna mini yadda wurin kirki yake. A watan Satumba na 2014 Dakta Masayo Takahashi da abokan aikinta suka dasa wa wata tsohuwa ƙwayoyin ido da aka raino daga fatarta, karo na farko a duniya da aka sa wa mutum ƙwayoyi irin na Yamanaka. Shirya nata kaɗai ya ci kusan shekara guda da kimanin yen miliyan 100. Duniya ta zuba ido tana jiran mutum na biyu. An raini ƙwayoyinsa, an kashe kuɗi, sai gwaji ya nuna 'yan sauye-sauye a DNA ɗinsu. Ba a tabbatar za su jawo sankara ba. Duk da haka aka fasa aikin. Sai a 2017 suka ci gaba, da ƙwayoyin ma'ajiyar Kyoto da aka riga aka tantance. Cibiyar da za ta iya zubar da aikin shekara guda saboda shakka, ita ce zan iya miƙa wa idon mahaifiyata. Asibitin da ke karɓar duk wanda ya biya, a ranar da ya zo, ba shi da lokacin da zai yi shakka.

Bayan zuriyar ta ci duk waɗannan gwaje-gwaje, maganin da aka haɗa daga gare ta shi ma sai an gwada shi. Ba a sa wa mutum ɗanyen ƙwayoyi irin na Thomson ko Yamanaka, domin a jiki sukan zama wani ƙari mai gashi da ƙashi har da haƙori a cikinsa. Sai an juya su sun zama ƙwayar da ake bukata, an kuma tabbatar babu ɗanye da ya saura. Sannan sai an nuna cewa kowane kashi da aka haɗa yana da ƙarfin aiki daidai da na baya. Wani kamfanin Ostireliya ya kai maganinsa na ƙwayoyin ɓargo da aka raino, mai suna Ryoncil, gaban hukumar magunguna ta Amurka, FDA, aka dawo da shi a 2020, aka sake dawo da shi a 2023, kuma batun auna ƙarfin aikin yana cikin dalilan. Sai a Disambar 2024 aka amince da shi, ga cuta ɗaya tak: yaran da aka yi wa dashen ɓargo sabon ɓargon ya juya yana yaƙar jikinsu, maganin farko kuma ya gaza. Dangin waɗannan ƙwayoyi ne asibitin dillali ke cewa suna maganin suga da galahanga da ƙoda da tsufa, duk da allura ɗaya.

Ajiya ba ta bukatar dogon bayani ga wanda ya san halin wutarmu. Ƙwayoyin suna zama ne a tankin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, ana rubuta yanayin sanyin dare da rana, kuma bayan an narkar da su ana ƙirga masu rai, yawanci ba a karɓar ƙasa da 70 cikin 100. Duk wanda ya ce ya shigo da su a kula daga wata ƙasa, a tambaye shi wannan takardar. Garin "sitem sel" da ake kaɗawa a ruwa a sha kuwa, wanda ake tallatawa a WhatsApp, daga tsiro ake yinsa, ciki zai narkar da shi kamar kowane abinci.

Akwai wata hujja da dillalai ke so: "ai daga jikinka za a ɗiba, naka ba zai cuce ka ba." A 2015 wasu mata uku a Florida, masu shekaru 72 zuwa 88, suka biya dala 5,000 kowacce aka ɗebi kitsensu aka tace aka yi musu allura a idanu biyu rana ɗaya. Sun je da ragowar gani, suka dawo ganinsu ya lalace, ɗaya ta makance gaba ɗaya. Kuma akwai sunan aikin a rajistar gwaje-gwajen magani ta gwamnatin Amurka da ke intanet, amma shiga wannan rajista ba ya nufin wata hukuma ta duba ta amince.

Ba zan ɓoye ba, ɓangaren masu ƙa'ida yana da ɗaci. Ƙofarsa ƙarama ce. Yawancin abin da ake yi da zuriyoyi har yanzu gwaji ne, mutum goma sha ko ashirin ake ɗauka, kusan duk 'yan ƙasar da ake aikin. A 2025 aka wallafa sakamakon gwajin kamfanin Vertex a kan ciwon suga nau'i na ɗaya: cikin mutum 12 da suka sami cikakken adadi, 10 sun daina allurar insulin bayan shekara. Labari ne mai daɗi, amma dukkansu sai da maganin danne garkuwar jiki, mutum biyu cikin 14 da suka shiga sun rasu, kuma ba shi ne irin sugar da ke damun yawancin dattawanmu ba. Abin lura shi ne masu gwajin da kansu suka rubuta mutuwar. Sannan ma'ajiyar Kyoto an zaɓi masu bayarwarta ne don su dace da alamomin garkuwar jikin Japanawa, waɗanda ake kira HLA, mu kuwa 'yan Afirka mun fi kowa bambancin waɗannan alamomi. Ɓangaren dillali shi ne mai sauƙi: ga biza, ga mota a filin jirgi, ga magana mai daɗi. Kuma gaskiya da yawan masu zuwa ba abin da ke samunsu, domin ƙwayoyin da aka sa ta jijiya mafi yawansu a huhu suke maƙalewa su mutu cikin kwanaki. Asarar a nan ita ce gonar da aka sayar, da watannin gashin ƙashi da shan magani da aka watsar.

To wanne za a zaɓa? Ga shanyewar ɓarin jiki, galahanga, ƙoda, suga ko ciwon gwiwa, ni ban ga hujjar biyan ko kwabo ba. Indiya ma, inda mutanenmu suka fi zuwa, ƙa'idojin da hukumar binciken lafiyarta ta fitar a 2017 sun ce ban da dashen ƙwayoyin jini ga cututtukan da aka amince, duk wani amfani da ƙwayoyin tushe gwaji ne, ba a yinsa sai cikin bincike mai izini. Idan aka ce ai gwajin ne, to a nemi lambar izinin hukumar magunguna ta ƙasar, da amincewar kwamitin da ke kare masu shiga bincike, da takardar gwajin kashin da za a sa wa majinyaci mai ɗauke da lambarsa, a kuma ji shekara nawa za a bi lafiyarsa da wanda zai ɗauki nauyi in ta ɓaci. Gwaji na gaske ba ya yawan cajin mara lafiya kuɗin maganin da ake gwadawa. A tura takardun wa likitan da ke duba shi a gida tun kafin a sayi tikiti. In asibitin a Najeriya yake, a nemi shaidar NAFDAC a kan abin da ke cikin kwalbar.

Ga sikila da sankarar jini kuwa, dashen ɓargo ne hanya, kuma shi ma akwai ma'auninsa. Cibiyoyin dashe na duniya suna neman shaidar FACT ko JACIE, wadda ke duba yadda ake ɗebo ƙwayoyin, da sarrafa su, da kula da majinyaci. A tambaya ko suna da ita, in babu a ji wace cibiya ce ke sa musu ido, mutum nawa masu sikila suka yi wa, nawa suka rayu. Ga yaron da ya sami ɗan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya da HLA ɗinsu ya dace, sama da 90 cikin 100 suna rayuwa ba sikila, amma kowane ɗan'uwa damar dacewarsa ɗaya ce cikin huɗu, kuma aikin na iya taɓa haihuwa. Saboda haka gwajin HLA na 'yan'uwa ake fara yi kafin a yi maganar tafiya. Maganin gyaran gado na Casgevy da Birtaniya da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023 an sa masa farashin dala miliyan 2.2, ya fi ƙarfin kusan kowa. Kafin a sami mai bayarwa, akwai abin yi a gida: binciken da aka gudanar a asibitocin Kano, ciki har da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, tare da Jami'ar Vanderbilt, ya nuna cewa maganin hydroxyurea yana rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki ga yara masu sikila da awon jijiyoyin kai ya nuna suna cikin haɗari. A tambayi likitan jini ko an yi wa yaron wannan awon.